Daren Manchester da Kowa ke Rantsuwar Ya Halarta

Ranar 4 ga Yuni, 1976, samari huɗu daga Landan masu kiran kansu Sex Pistols suka hau dandamali a wani ƙaramin zaure da ke saman ginin Free Trade Hall a Manchester ta Ingila. Kuɗin shiga rabin fam, 'yan kallo kuwa wajen 40. Ɗalibai biyu ne suka gayyato su, Howard Devoto da Pete Shelley.

Babu wata gwaninta a kiɗan, sai ƙara da tsaurin ido. Abin da ya ja hankalin matasan wurin ke nan: in dai wannan ne kiɗa, ai kowa ma makaɗi ne. Washegari ɗaya daga cikinsu, Peter Hook, ya karɓi rance wurin mahaifiyarsa ya sayo jita, shi da abokinsa Bernard Sumner suka kafa ƙungiyar da ta zama Joy Division. Morrissey, wanda daga baya ya zama mawaƙin The Smiths, shi ma yana cikin zauren, har ya aika wa jaridar NME wasiƙa a kan wasan.

Yau masu rantsuwar sun halarta sun yi yawan da zauren ba zai ɗauke su ba ko da goya juna suka yi. Ba duka ne maƙaryata ba. Da yawa suna rikita daren da na 20 ga Yuli, lokacin da Sex Pistols suka dawo, wurin ya cika, ƙungiyar Buzzcocks ta Devoto da Shelley ita ma ta yi wasa. Sai da David Nolan ya rubuta littafi sukutum don tantance wa ya je, wa bai je ba.

Labarin wasa ana masa ƙari, amma faifai shi ba a masa ƙari. A Yunin 1979 kamfanin Factory ya fitar da na farkon Joy Division, Unknown Pleasures, wanda aka naɗa a Stockport. A dandamali kiɗansu zafi ne da gaggawa, amma mai haɗa sauti Martin Hannett ya sanyaya shi, ya ware ganga ita kaɗai tana amsa-kuwwa, ya cusa ƙarar fashewar gilashi. Hook da Sumner suka ji haushi, suna ganin an zare wa kiɗansu laka.

A ganina Hannett ne da gaskiya. Masu ƙara irin tasu sun cika Ingila a lokacin, yawancinsu an manta da su. Mawaƙin ƙungiyar, Ian Curtis, ya rasu a Mayun 1980 yana da shekara 23, saboda haka ƙalilan ne suka taɓa ganinsa a dandamali. Sauran duniya ta faifan nan ta san muryarsa.