Makunnin gado a hanta da ciwon hanta nau'in B

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum ADN ɗinta iri ɗaya ne, amma hanta ce ke haɗa yawancin sinadaran daskarar da jini. Wasu gajerun sassan ADN da aka gano a 1981, waɗanda ake kira amplificateurs da Faransanci, su ne ke aiki kamar makunni: sinadaran hanta irin su HNF4 sukan manne musu, sai su kunna ƙwayoyin gado ko daga nesa.

Ƙwayar cutar hanta nau'in B ma tana da makunni biyu irin waɗannan, abin da ke taimaka mata hayayyafa a hanta. A Nijar, daga Yamai har Dogo-Dogo, rigakafinta yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6, 10 da 14.