Yadda Dokar Manyan Laifuka Ta Rabu a Najeriya

Wanda aka kama da matar aure a Kano na iya gurfana gaban alƙali bisa laifin zina. A Enugu kuwa doka ba ta lissafa wannan cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu ba, iyakacinta ta zama hujjar raba aure. Ƙasa ɗaya ce, amma littafin hukuncinta ba ɗaya ba ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar da Kudu ke aiki da ita, wato Kiriminal Kod, a Arewa aka fara kafa ta. Gwamna Lugga ne ya shimfiɗa ta a 1904, ya kwaikwayo ta daga dokar Kwinsland ta Ostareliya, sai a 1916 aka yaɗa ta ko'ina a ƙasar. Duk da haka kotunan alƙalai da na sarakuna suka ci gaba da hukunci bisa mazhabar Malikiyya, illa dai Turawa sun hana yanke hannu da jifa.

Rigima ta fito fili a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa saboda ya kashe kwarton matarsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi. Sarakuna da malamai suka ga an shiga gonarsu, aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru.

Da 'yanci ya gabato, waɗanda ba Musulmi ba suka bayyana fargabarsu gaban kwamitin Willink da aka kafa don jin koken tsiraru. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifar wa Arewa Final Kod, wadda aka ɗauko daga dokar Sudan mai tushe a dokar Indiya ta 1860, ta fara aiki a 1960. Sulhu ne aka yi, kuma a ganina sulhu mai hikima: alƙalai suka saki hukuncin haddi da ƙisasi, amma zina ta zauna a matsayin laifi, haka ma shan giya ga Musulmi, har da bulala.

Wannan tsari ya yi kusan shekara arba'in kafin Gwamna Ahmed Sani Yarima ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999. Jihohi goma sha biyu a jimlace suka bi wannan hanya, haddi ya dawo kan Musulmi, Final Kod kuma ta ci gaba da aiki a kotunan majistare da manyan kotuna.

Masu kiran a dunƙule dokokin nan su zama ɗaya, ya kamata su fara duba yadda aka zauna a 1958 aka saurari kowane ɓangare kafin a rubuta ko da sashe guda.