Sabo turken mahayi: tarihin babur da amanar masu hawansa

A Maraɗi, Damagaram ko Tawa, babur, wanda aka fi kira moto, abin neman abinci ne: ɗan kabu-kabu yana zaɓen wanda ba ya shan mai, kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu. A ƙasar Amurka kuwa akwai mahayan da suke sa a yi musu jarfa da tambarin kamfanin Harley-Davidson a dantse, shaidar da mutum zai shiga kabari da ita. Yaya aka yi hajar kasuwa ta zama abin da mutum yake jingina sunansa da shi? Amsar tana cikin gasar da masana'antun Amurka, Ingila da Japan suka shafe ƙarni guda suna yi, wadda ta nuna abin da amanar mai saye take iya yi wa kamfani, da kuma inda ƙarfinta yake ƙarewa.

Gida biyu, jama'a biyu

A shekarar 1901 George Hendee da Oscar Hedstrom suka soma ƙera baburan Indian a birnin Springfield na jihar Massachusetts. A 1903 William Harley da ƴan gidan Davidson suka kafa nasu kamfani a Milwaukee. Akwai wasu masana'antu da yawa a wancan zamani, amma motar Ford mai araha ta janye masu saye, sannan karayar tattalin arziki ta 1929 ta ƙarasa sauran. Daga 1931 manyan gidaje biyu kawai suka rage, mahaya kuma suka rabu gida biyu. Kowane ɓangare yana da dillalansa, da makanikansa, da gwanayensa a filin tsere, ɗa kuma yakan gaji zaɓin ubansa.

Dillalai su ne ginshiƙin wannan zumunci, domin shagonsu nan ne majalisar mahaya. Taron garin Sturgis na jihar Dakota ta Kudu, wanda dubban ɗaruruwan mutane suke halarta kowace shekara, akasarinsu bisa Harley, wani dillalin Indian ne mai suna Clarence Hoel ya assasa shi a 1938. Sai dai ƙaunar mahaya ba ta hana Indian durƙushewa ba. A yaƙin duniya na biyu Harley ya ƙera wa sojoji babura kusan 90,000, sojojin da suka dawo gida kuma suka ci gaba da neman abin da hannunsu ya saba da shi. Shi kuwa Indian ya zuba dukiyarsa a wasu ƙananan babura da suka fito da matsaloli, a 1953 masana'antarsa ta rufe.

Kowane zama da halinsa

Bayan yaƙi ne siffar babur ta fara bayyana halin mai shi. Baburin Amurka mai nauyi ne, sirdinsa ƙasa-ƙasa, mahayi yana zaune a miƙe kamar bisa kujera: an yi shi ne domin doguwar hanya maras kwana. Wasu mahaya suka riƙa cire duk abin da ba dole ba, suna tsawaita ƙafar gaba, salon da fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yaɗa a duniya. A Ingila kuwa baburan Triumph, BSA da Norton sun fi sauƙin nauyi da saurin juyawa. Samarin da suke taruwa a gidan shayi na Ace Cafe a Landan sukan sauke kan babur, su kwanta bisa tanki, burinsu su kai gudun mil 100, wato kimanin kilomita 160 a awa.

A wannan lokaci ne kuma sunan mahaya ya ɓaci. Hargitsin da aka yi a garin Hollister na Kalifoniya a 1947, da hoton wani mashayi bisa babur da mujallar Life ta buga, da fim ɗin The Wild One na 1953, suka sa jama'a kallon mai babur a matsayin ɗan tasha. A fim ɗin ma Triumph ne Marlon Brando ya hau, amma daga baya Harley ne ya gaji wannan suna na tawaye, ya kuma san yadda ya mayar da shi jari.

Zuwan Japan

A 1959 kamfanin Honda ya buɗe reshe a Los Angeles. Abin da ya karɓu shi ne ɗan ƙaramin Super Cub, wanda ɗalibi ko matar gida za su iya hawa. Tallarsa ta 1963 ta nuna cewa mutanen kirki ne suke hawan Honda, ta haka ya jawo waɗanda ba su taɓa tunanin mallakar babur ba. Masana'antun Ingila suka raina abin, suna ganin Japanawa ba za su wuce ƙananan injuna ba. A 1969 sai ga CB750: silinda huɗu, birkin faifai a ƙafar gaba, maɓallin tayar da inji, ga shi ba ya yoyon mai.

Cikin shekaru ƙalilan masana'antun Ingila suka ruguje. BSA, wanda a shekarun 1950 ya fi kowa ƙera babura a duniya, ya durƙushe a 1973. Da aka sanar da rufe masana'antar Triumph ta Meriden a wannan shekara, ma'aikata suka mamaye ta wata goma sha takwas, a 1975 suka karɓe ta a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa. Sun riƙe ta da kishi har 1983, amma kishi bai maye gurbin jari da sabon ƙira ba.

Yadda Harley ya tsira

Harley ma ya leƙa bakin rami. Kamfanin AMF ya saye shi a 1969, ya yawaita ƙira, inganci ya faɗi, har yoyon man Harley ya zama abin ba'a. Duk da haka wasu mahaya suka tsaya, suna gyara da hannunsu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, to wannan turke ne ya riƙe kamfanin har ya farfaɗo. A 1981 manyan ma'aikatansa goma sha uku, ciki har da Vaughn Beals da Willie G. Davidson, jikan ɗaya daga masu kafa shi, suka saye shi daga AMF.

Abubuwa uku suka biyo baya. A 1983 shugaba Ronald Reagan ya ƙara harajin kashi 45 cikin 100 bisa baburan waje masu inji fiye da sisi 700. Na biyu, shugabannin Harley suka ziyarci masana'antar Honda ta Marysville a jihar Ohio, suka koyi tsarin aikin abokan gasarsu, a 1984 suka fito da sabon injin Evolution mai ƙarko. Na uku, a 1983 suka kafa ƙungiyar masu Harley, wato H.O.G., inda kowane reshe yake ƙarƙashin wani dillali, da tafiye-tafiye da taruka da riguna masu tambari. Mambobinta suka haura miliyan ɗaya a shekarun 2000. A 1987 kamfanin da kansa ya nemi a janye harajin tun wa'adinsa bai cika ba. A 1994 har ƙarar injinsa ya nemi a yi wa rajista a matsayin mallakarsa, kafin ya janye buƙatar a 2000.

Abin da amana take iyawa

Idan aka jera waɗannan gidaje uku, darasin a fili yake. Indian da Triumph suna da masoya, amma suka rufe, domin ba a gyara babur ɗin ba. Harley ya tsira saboda ya yi amfani da lokacin da masoyansa suka ara masa ya gyara aikinsa. Amana tana sayen lokaci, kuma tana raya suna bayan masana'anta ta mutu: John Bloor ya sayi sunan Triumph a 1983, ya fito da sababbin babura daga Hinckley a 1990, kamfanin Polaris kuma ya sayi sunan Indian a 2011.

Amma turke yana ɗaure mai shi ma. Mahayan da suka ceci Harley sun fi son a bar musu babur yadda suka san shi, ga shi suna tsufa, matasa kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. A 2006 kamfanin ya fitar da babura kusan 349,000. A 2020 bai kai rabin haka ba. Shi kuwa ɗan Super Cub, wanda aka raina ranar da ya sauka Los Angeles, a 2017 adadin waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100.