Kuzar Jos, Ƙasusuwan Agadas da Maganar Dainoso

Yau ina so in taɓo wata magana da 'ya'yanmu ke kawowa gida daga makaranta, mu kuma iyaye mu rasa ta cewa. Malamin kimiyya ya ce musu an yi wasu manyan dabbobi da ake kira dainoso, sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Yaro ya zo ya tambayi babansa, baban ya ce masa ƙaryar Turawa ce, duniyar ma duka shekararta dubu shida ko bakwai. To, yaro ya shiga tsaka mai wuya, ko ya ƙaryata malaminsa ko ya ƙaryata ubansa, kuma na ga waɗanda suka girma da tunanin cewa dole sai an zaɓi ɗaya, ko addini ko ilimi. A ganina babu wannan dolen, kuma mu mutanen Jos ya kamata mu riga kowa ganewa, domin tona ƙasa ce ta tara kakannin da yawanmu a nan.

A 1903 wani Bature mai suna Laws, ma'aikacin kamfanin Neja, ya iso wajen Naraguta yana bin sawun kuza. A 1914 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, jama'a suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Zazzau da Barno, wasu leburori masu ɗaukar ƙasa a kwanon sarki, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai. Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi, duk kuza ce ta raya su. Ita wannan kuza daga jikin duwatsun da suka kewaye mu ta fito, irin na Shere da na Bukuru, waɗanda masana ke kira giranait. Dutse ne da ya narke a can cikin ƙasa ya taso, ya huce sannu a hankali, sannan ruwan sama ya yi ta zaizaye shi yana tara kuzar a cikin rafuka. Da aka auna shekarunsa an sami kimanin miliyan 160 zuwa 170. Ma'ana, lokacin da kuzarmu ke daskarewa a ƙarƙashin ƙasa, dainoso na yawo a bisa doronta.

Wani zai ce, wa ya ƙirga? Ba ƙirgen watanni ba ne, awo ne. A cikin dutse akwai sinadarai irin su yuraniyam, wanda a hankali yake rikiɗa ya koma dalma bisa wani ma'auni da ba ya canzawa. Idan aka auna nawa ya rage da nawa ya rikiɗa, sai a san tsawon lokacin da ya wuce, kamar mai randar da ya san yawan ɗigon da take yi a kullum. Wannan daban yake da awon kabon da ake yawan ambata, wanda ba ya wuce shekara dubu 50. Da irin awon kabon aka san shekarun kayan yumɓun Nok, waɗanda su ma masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, har Bernard Fagg ya tattara su aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Mun yarda kawunan Nok sun haura shekara 2,000, muna ma kai baƙi su gani, to me ya sa za mu karɓi awo idan ya ba mu dubbai, mu ƙi shi idan ya ba mu miliyoyi?

A duwatsun Jos ba za a sami ƙashin dainoso ba, domin dutsen da ya fito daga wuta ba ya ajiye ƙashi. Ƙashi yana tsira ne inda laka ko yashi ya binne shi, ya daɗe har ya zama dutse. Irin wannan ƙasa kuwa tana nan arewa da mu. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet ya fara haƙa a 1965, ya tono wata dabba mai tozo kamar filafilai a gadon baya, ya raɗa mata suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. Daga baya Paul Sereno na jami'ar Shikago ya zo da tawagarsa, a 1999 suka bayyana Nigersaurus, mai tsawon mita 9 da haƙora sama da 500, bakinta a baje kamar shebur, tana kiwon ganyen ƙasa shekara miliyan 110 da suka wuce. A wannan shekarar kuma suka bayyana Jobaria, wadda aka haƙo kusa da Ingal. Buzayen wajen sun daɗe da sanin waɗannan ƙasusuwa, suna cewa na wata dabba ce mai suna Jobar, daga nan aka ɗauko sunan. Da farko an ce Jobaria ta kai shekara miliyan 135, sai a 2009 wasu masana suka sake nazarin ƙasar wajen suka ce ta fi haka, ta kai wajen miliyan 160, wato tsarar duwatsunmu ce. Masu kimiyya suna gyara lissafinsu, amma gyaran daga miliyoyi ne zuwa miliyoyi, bai taɓa komawa dubu shida ba. Duk wanda hanya ta kai shi Yamai ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama ya ga girman abin da idonsa.

A Najeriya ma akwai. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masana 'yan Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, don garin Goronyo. Shi ba dainoso ba ne, amma zamaninsu ɗaya, kuma shaida ce cewa teku ya taɓa kwanciya a inda ake noman albasa yanzu. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina ma ragowar halittun wannan teku ce.

To ina maganar addini? Ni ba malami ba ne, amma abin da na koya a gaban malamai shi ne Alƙur'ani bai yanke wa duniya adadin shekaru ba. Ya ce an halicci sammai da ƙasa a kwana shida, kuma shi da kansa ya nuna cewa kwana a wurin Ubangiji ba irin namu ba ne, a Suratul Hajji aya ta 47 ya kwatanta yini guda da shekara dubu, a Suratul Ma'ariji aya ta 4 ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin. Farkon Suratul Insan yana nuni da wani dogon zamani da ya shuɗe mutum bai zama abin ambato ba. A Suratun Nahli, bayan an lissafa dawaki da alfadarai da jakuna, an ce Allah yana halittar abin da ba mu sani ba. Aya ta 20 a Suratul Ankabut kuwa umarni ne a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Ban ce waɗannan ayoyi suna magana a kan dainoso ba, kuma ba na son ɗabi'ar nan ta liƙa wa kowace aya sabon binciken da aka ji a rediyo. Abin da nake cewa, ƙofar a buɗe take.

Ita maganar shekara dubu shida ko bakwai tana da asali. Ɗabari ya kawo ta a farkon littafinsa na tarihi, daga ruwayoyin magabata, ciki har da Wahbu ɗan Munabbih wanda ya shahara da labaran Bani Isra'ila. Ibn Hazm na Andalus kuwa ya ce mu Musulmi ba mu da wani adadi da muka tabbatar. Shekara dubu da suka wuce Biruni ya duba duwatsu da ɓawon halittun ruwa da ake tonowa, ya ce hamadar Larabawa teku ce a dā, kuma ba a fitar da shi daga Musulunci ba. A wajen maƙwabtanmu Kirista, wani babban limamin coci a Ailan, James Ussher, ya tara shekarun zuriyoyin da ke cikin Attaura a 1650, ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. An daɗe ana buga lissafinsa a gefen shafin Baibul na Turanci har wasu suka ɗauka nassi ne. Su ma a yau sun rabu, akwai masu riƙe da shi, akwai coci-coci da yawa da suka bar shi. Abin mamaki, a garin da muke da saɓani a kan abubuwa da dama, har da wanda ya riga wani zuwa, sai ka tarar da malami da fasto sun haɗu a kan lissafin da ba ya cikin littafin ɗayansu.

Akwai abu biyu da nake roƙon mu daina haɗawa. Na farko, dainoso ba Samudawa ba ne. Mu Hausawa duk abin da ya cika girma mukan ce na Samudawa ne, amma Samudawa mutane ne, mutanen Annabi Salihu, masu sassaƙa gidaje a jikin duwatsu. Hoton nan na ƙaton kwarangwal da aka yi ta turawa ta imel wajen 2004, ana cewa an tono shi a Saudiyya, haɗi ne na kwamfuta da wani ya yi don gasar haɗa hotuna a 2002, kuma har yanzu yana dawowa a wayoyinmu. Na biyu, yarda da cewa an yi dainoso daban, maganar asalin mutum daban. Inda ake da muhawara ta gaske tsakanin malaman addini da mabiya Darwin shi ne halittar Annabi Adamu, kuma wannan yana bukatar zama na musamman da waɗanda suka san fannonin biyu. Tsakanin mutuwar dainoso na ƙarshe da bayyanar mutum akwai shekaru fiye da miliyan 60, don haka ƙashin Gadufawa bai ce komai a kan Adamu ba.

Idan Allah Ya kai mu, a rubutu na gaba zan kawo tarihin aikin tilas na haƙar kuza da aka yi daga 1942 zuwa 1944, wanda dattawanmu ke kira ɗiban gwamna. Wanda yake da labarin kakansa a kai, ina maraba da shi.