Karen Sikotland a Hanyar Goro

Kakanninmu fatake ne. Daga Kano suke tasowa da jakuna, su ratsa Borgu, su sauka a Zugu, wadda taswirar Faransa ta rubuta Djougou, kafin su wuce Salaga neman goro. Bayan yaƙin basasar da ya ci Salaga a 1892, wasu suka yi zamansu a nan, har zuri'armu ta gangaro Sérou. A duk labaran ayari da na ji daga bakin kakata, kare ba ya wuce bakin zango. Na Fulanin rugar da ke kusa da mu ma haka: siriri, mai gajeren gashi, yana kwana gefen garke yana haushin kura da ɓarawo. Malaman Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, kuma an halatta ajiye shi don kiwo, farauta da gadin gona. Amma shigo da shi tsakar gida don sha'awa kawai, wannan baƙon abu ne a wajenmu.

Shi ya sa ranar da yayana ya sauko daga motar Parakou da wani kare mai gashi har ƙasa, wanda wani Bature da ya gama aikinsa ya bar masa, Inna ta tafa hannu ta ce, “Wannan tunkiya ce ko kare?”

Koli ake kiran irinsa. Asalinsa tsaunukan Sikotland ne, inda aikinsa shi ne zagaye tumaki cikin ruwa da sanyi. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi kamar auduga, na waje mai kauri. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta gan su a Balmoral ta ƙaunace su, masu kuɗi suka bi sahu, aka riƙa zaɓen masu dogon baki da yawan gashi don baje koli. Fim ɗin Lassie na 1943 ya ƙarasa aikin. Kafin ya iso gare mu, karen makiyaya ya daɗe da zama ɗan falo.

Mu muka biya kuɗin wannan tarihi. A zafin Maris yakan kwanta gindin randa yana haki, sai da asuba ko bayan magariba nake fita da shi. Na so in aske shi, aka ce gashin ne ke kare fatarsa daga rana, don haka sai taza, sau uku a mako. Da damina kaska takan shige ƙarƙashin gashin, ba ka ganinta sai ta ƙoshi.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na samo Ivermectin, allurar da ake yi wa shanu, na yi masa a ƙiyasin ido. Kafin dare ya fara layi, miyau na zuba, idonsa bai gane ni ba. Likitan dabbobi a Zugu ya dube ni ya ce, “Malam, irin wannan karen ba ya ɗaukar wannan magani.” Da yawa daga cikin koli sun gaji wani lahani da ke barin maganin ya ratsa har ƙwaƙwalwa, abin da masu bincike a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka suka gano a 2001. Yawancin karnukan ruga ba su da wannan gado. Kwana biyar ana ɗura masa ruwa kafin ya miƙe.

Abin da bai bar jininsa ba shi ne kiwo. Ba wanda ya koya masa, amma da yamma yakan zagaye awakin Inna ya tura su turke, ya dawo ya tattara ƙannena kamar su ma garke ne. Inna ba ta yarda ya taka ɗakinta ba har ya mutu, sai dai ita ce take ajiye masa ƙanzon tuwo a wata tsohuwar tasa bayan rumbu.