Gidan Madaki da Hannun da Ke Yaɓe

Wanda ya tashi daga Bauchi ya nufi Ningi, ba zai yi nisa ba zai ratsa ta Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa. Shekara da shekaru ina bin wannan hanya, ban taɓa tsayawa ba sai don salla ko sayen ruwa. Sai da na shiga jami'a na ji malaminmu na tarihi yana cewa a garin nan akwai gidan ƙasa da ke cikin rukunin farko na wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihin Nijeriya, tun a 1956. Na ji kunya ƙwarai, domin na san sunayen fadojin Turai da dama, amma ban san gidan da nake wucewa ta bayansa ba.

Sunan garin ma tarihi ne. Kafi shi ne garin da aka kange don tsaro. A tsakiyar ƙarni na 19, wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza sun bar Tsakuwa ta ƙasar Kano suka fake a duwatsun Ningi, daga nan kuma hare-hare suka yi ta sauka kan ƙasashen Kano da Bauchi. Madakin Bauchi, wanda garin ke ɗauke da sunansa, yana zaune ke nan a bakin daga. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a irin wannan wuri na fargaba aka samu sukunin yin gini don ƙawa.

Ana danganta ginin, wanda aka yi wajen 1860, ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Kayan aikinsa ba su wuce abin da ƙasa ke bayarwa ba: tubalin da aka mulmula da hannu aka shanya, da azarar giginya wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Matsalar azara ita ce ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta yi faɗi. Sai magina suka riƙa jera ta gaɓa-gaɓa daga jikin bango, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo, kuma in aka gitta bakuna suka haɗu a tsakiya, an yi ɗaurin guga. Da shi ake samun soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Daga waje kuwa sai a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a dalaye rufi da laso, a sa indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin bango.

A nan ne rauninsa yake. Ginin dutse yana iya jure shekara ɗari na sakaci; ginin ƙasa damina uku ta ishe shi. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta, azara ta ruɓe, soro ya zauna. Saboda haka dokar kayan tarihi ta 1953, da ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, za su iya hana mutum rushe gini, amma ba su hana ruwan sama. Abin da ya riƙe irin waɗannan gidaje a da shi ne Sarkin Magina da yaransa, masu hawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Zariya ta ishe mu misali. A shekarun 1970 aka sabunta masallacin Babban Gwani da siminti, ya rasa kamanninsa na waje. Mai son ganin yadda yake a da, sai ya tafi Jos, inda aka kwaikwayi ginin a gidan adana gine-ginen gargajiya, bisa awon da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi. Ina girmama aikin mutumin nan, amma masallacin da ba a kiran salla a cikinsa hoto ne kawai.

Ba zan ɗora wa kowa laifi in tsame kaina ba. A garinmu, zauren kakana yana da bakan gizo biyu. Bayan rasuwarsa baffana ya rushe shi ya yi shaguna uku, ni kuma ina cikin yaran da suka yi dakon bulo, muna murna gidanmu ya waye. Azarar da ta fi shekara tamanin a sama, da ita aka dafa abincin ma'aikata. Da na girma na tambayi baffa dalili, bai ɓoye mini ba: tsohon da ke yi musu yaɓe ya rasu, 'ya'yansa sun koma aikin siminti, kuma shago yana kawo kuɗin haya, zaure kuwa ci yake yi. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Tun daga ranar na daina ganin allon da ake kafawa a ƙofar gini a matsayin kariya. Idan ana son Gidan Madaki ya ga wani ƙarni, sai a nemo tsofaffin maginan da suka rage a ƙasar Bauchi da Zazzau, a yanka musu albashi, a haɗa su da matasan garin da ɗaliban fasahar gini, yaɓen shekara ya zama makarantarsu. A Agadas ta Nijar, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye ne saboda ba a daina hawa ana yaɓe ta ba. Sai kuma a dasa giginya tun yanzu, domin wadda aka shuka bana, jikokinmu ne za su fasa azararta.