Abin da ya sa Sinawa suka juya wa jinsen ɗin Kanada baya

Wataƙila ka taɓa ganin sunan jinsen a jikin kwalin shayi, ko a kwalbar ƙwayoyin ƙarin kuzari a kantin magani. Abin da kwalin ba zai gaya maka ba shi ne, saiwa biyu na tsiro iri ɗaya suna iya bambanta sosai wajen sinadaran da ke cikinsu. 'Yan kasuwar Kanada sun koyi wannan darasi da asara mai yawa, shekara ɗari biyu kafin masana su gano dalili.

A 1711, wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Pierre Jartoux, wanda ke aikin zana taswira wa sarkin Sin, ya rubuta wasiƙa kan wata saiwa da ake haƙowa a dazukan Manchuriya ana sayarwa da tsada. Ya ce in akwai inda za a same ta a wajen Asiya, to Kanada ce, domin dazukanta sun yi kama da waɗancan. Wani abokin aikinsa, Joseph-François Lafitau, ya karanta, ya shiga nema, kuma a 1716 ya samu 'yar'uwar tsiron kusa da birnin Montiriyal. Ta Asiya ita ce Panax ginseng, ta Amurka kuwa Panax quinquefolius.

Nan fa ciniki ya buɗe. Da farashi ya tashi, sai masu haƙa suka daina jiran kaka, suna tone saiwa ƙanana da manya a kowane lokaci, suna ƙyafe ta a tanda don ta bushe da wuri. A farkon shekarun 1750 Sinawa suka ƙi sayen kayan, kasuwar ta rushe. Garin neman ƙiba aka samo rama. To me masu sayen suka gani?

Amsar ta fara fitowa sosai a shekarun 1960, lokacin da Shoji Shibata da abokan aikinsa a Japan suka fayyace tsarin sinadaran da ake kira jinsenosaid. Dangin sinadarai ne masu kumfa kamar sabulu, kowanne da lambarsa: Rb1, Rg1, Re da sauransu. Masana na ganin tsiron yana haɗa su ne don kare kansa daga ƙwari da cututtukan ƙasa. Ka ga ke nan yawansu ya dogara da irin rayuwar da saiwar ta yi.

Ɗauki shekaru tukuna. Jinsen ba ta sauri, kuma sinadaran suna taruwa a hankali shekara bayan shekara. Shi ya sa a Koriya ake fifita saiwa mai shekara shida. Kowace shekara, idan karan ya mutu, yakan bar tabo a wuyan saiwar, don haka mai saye zai iya ƙirga shekarunta da ido.

Sai lokacin haƙa. Idan sanyi ya wuce ganye ya fara tohowa, saiwar tana kashe abincin da ta tara. Wadda aka tone a lokacin takan motse in ta bushe. A kaka ne, bayan 'ya'yan sun nuna sun yi ja, take cika.

Akwai kuma haske da ƙasa. Jinsen 'yar ƙarƙashin bishiyoyi ce. Manoman Koriya da na jihar Wiskonsin a Amurka, inda aka fara nomanta a farkon ƙarni na 20, suna kafa mata rumfa mai tare mafi yawan hasken rana. Haske ya yi yawa, ganye ya ƙone. Ya yi kaɗan, saiwa ta tsumbure. Tana son ƙasa mai sanyi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, kuma gonar da aka girbe ba ta sake karɓar jinsen sai bayan shekaru da yawa, saboda cututtukan da suka taru a ƙasar.

Na ƙarshe shi ne zafi, inda 'yan Kanada suka fi yin ɓarna. Zafi mai yawa yana ɓata launin saiwar, yana kuma sauya sinadaranta. Amma fa zafin da aka auna yana da nasa aikin: jar jinsen ta Koriya turara ta ake yi kafin a busar, kuma turarawar ce ke juya wasu sinadaran su zama wasu, kamar Rg3, wanda ɗanyar saiwa ba ta da shi sai ɗan kaɗan.

Darasin bai tsaya a Kanada ba. A 1784 jirgin ruwan Empress of China ya tashi daga Niyok da kusan tan 30 na jinsen zuwa Kanton, aka ci gaba da tone dazuka har tsiron ya yi ƙaranci. Tun 1975 cinikin jinsen ɗin Amurka tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kuma yau dokar fitar da ta daji daga Amurka ta ce sai saiwa ta kai aƙalla shekara biyar.

Don haka in ka ɗauki kwalin da aka rubuta jinsen a jiki, duba ko an faɗi nau'in tsiron, da shekarun saiwar, da yawan jinsenosaid ɗin da ke ciki. In kuma kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko na ciwon suga, ka tuntuɓi likita kafin ka sha, domin jinsen tana iya taɓa aikinsu.